Yashin Kuza da Tsagewar Zarra

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru, ko ya zarce har Barikin Ladi, ya ga tulin jar ƙasa da kududdufai waɗanda haƙar kuza ta bari. Tun wajen 1904 Turawa suka kafa wannan aiki a kan dutsen nan namu, ko da ya ke maƙeran Riruwai sun daɗe suna narka kuza kafin su zo. A farkon shekarun 1950 kuma sai kolambait ya yi tsada, gama Amurka tana saye tana tarawa, har aka koma ana tonon tsohon juji ana sake wankewa. To, masu wankin kuza sun sani, bayan an tsame kuza da kolambait akwai sauran yashi mai nauyi da ke kwantawa a gindin kwano. A cikinsa akwai waɗansu ƙwayoyi masu launin zuma da a ke kira monazait, a cikin monazait kuwa akwai wani ƙarfe mai suna toriyom. Da shi a ke jiƙa farin ƙyallen nan na fitilar Tilley a dā, shi ke sa ta haske fat.

Toriyom maƙwabcin yuraniyom ne a jerin ƙarafa masu nauyi. Yuraniyom kuwa kowa ya ji labarinsa. Shi aka fara haƙa a Arlit ta ƙasar Nijar a 1971, da shi a ke samun lantarki a Faransa da waɗansu ƙasashe, da shi kuma aka yi bom ɗin da ya hallaka Hiroshima a 1945. Yawancinmu in mun gama horo a makarantun ƙauyukan da ke kewaye da ramukan nan za mu koyar. Ba abin mamaki ba ne wata rana yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yashin bayan gidanmu zai fashe ne?" Wani kuma ya ce, "Don me ba a ba mu lantarki da shi?" Amsar tambayoyin nan biyu ɗaya ce, kuma ba ta fi ƙarfin mai iya lissafin aji shida ba, in dai an bi ta sannu.

Bari mu fara da zarra. Kowace ƙwayar zarra tana da ƙwallo a tsakiyarta, kamar ƙwallon mangwaro, sai dai ƙanƙantarsa ta wuce misali. Abu iri biyu ne suka haɗu suka yi ƙwallon, furoton da nuturon. Furoton yana ɗauke da lantarki, saboda haka kowane furoton yana ture ɗan'uwansa. Nuturon ba shi da lantarki ko kaɗan, shi ne kuwa Chadwick ya gano a Ingila a 1932. Yawan furoton shi ke ba ƙarfe sunansa: kuza 50, dalma 82, toriyom 90, yuraniyom 92. Amma yawan nuturon ya kan bambanta ko a cikin ƙarfe guda. In ka ga an rubuta yuraniyom 235, ana nufin furoton da nuturon duka in an tara sun kai 235, watau furoton 92 da nuturon 143. Yuraniyom 238 yana da nuturon 146. Toriyom na yashinmu kuwa kusan dukansa iri guda ne, toriyom 232, mai nuturon 142. Ku riƙe lambobin nan uku, 143 da 146 da 142, za mu komo kansu.

A watan Disamba na 1938 waɗansu Jamusawa biyu, Hahn da Strassmann, suka harbi yuraniyom da nuturon a Balin, suka tarar da wani ƙarfe wanda nauyinsa bai wuce rabi da kaɗan na yuraniyom ba. Lise Meitner da ɗan 'yar'uwarta Frisch su ne suka fassara abin, suka ce ai ƙwallon zarrar ne ya tsage biyu. Kowace tsagewa tana fid da ƙarfi wajen sau miliyan 50 na abin da zarrar gawayi guda ke bayarwa in ta ƙone. Giram ɗaya na yuraniyom 235 in ya tsage sarai ya yi daidai da wajen tan 3 na kwal. Har wa yau tsagewar tana sakin nuturon biyu ko uku, waɗanda za su iya tsaga waɗansu zarra, su ma su saki nasu. Da haka wutar ta kan ci gaba da kanta, in ta samu.

In ta samu, na ce. A nan ne batunmu ya ke. Ba kowane nuturon da ya shiga cikin ƙarfe ke tsaga zarra ba. Wani ya kan wuce abinsa, wani ya yi karo ya kauce, wani a haɗiye shi shiru ba tsagewa. Masana suna da hanyar auna wannan sa'a. Ku tuna da yara masu jifar mangwaro: in ka ɗebi tsakuwa ka watsa sama ba saiti, babban mangwaro ya fi ƙarami samun jifa, domin fuskar da ya tara maka ta fi faɗi. Haka a ke ɗaukar kowane ƙwallon zarra kamar yana tara wa nuturon fuska, a kuma auna faɗinta. Su kan sa ɗan siririn fallen ƙarfe gaban nuturon masu zuwa, su ƙidaya nawa suka shiga, nawa suka jawo tsagewa, daga nan su lissafta faɗin fuskar tsagewa. Ma'aunin ƙarami ne ƙwarai. A raba murabba'in santimita guda gida miliyan, a ɗauki ɗaya a sake raba shi gida miliyan, a yi haka har sau huɗu. A 1942 waɗansu masana biyu a Jami'ar Purdue ta Amurka suka laƙaba masa suna cikin raha, sunan da a harshensu ke nufin rumbu, wai don a wurin nuturon abu mai wannan faɗi ƙato ne kamar rumbu. Mu ma sai mu kira shi rumbu.

Ainihin faɗin ƙwallon yuraniyom bai kai rumbu 2 ba. Amma ga abin mamaki. In nuturon mai tafiyar hawainiya ya zo wa yuraniyom 235, faɗin fuskar tsagewarsa wajen rumbu 585 ne, watau ya ninka jikinsa sau ɗari uku. Tafiyar hawainiya a nan ita ce mita 2,200 a sakan guda, gama wanda ya fito daga tsagewa ya kan yi kilomita 20,000 a sakan. Fermi ne ya fara lura da amfanin rage wa nuturon gudu, a Rum, cikin Oktoba 1934, sa'ad da ya gitta kakin kyandir a hanyarsu ya ga aikinsu ya ƙaru ninkin ba ninki. Dalili ɗaya mai sauƙi ne. Mai keke da ya ratsa kasuwar Bukuru a guje ba mai talla da zai tsai da shi, amma mai tafiya a ƙasa yana waige-waige kowa ya ja hannun rigarsa. Ga nuturon mai sanyin tafiya, in ka rage gudunsa rabi, fuskar ta kan ninka biyu. Ɗaya dalilin ya fi zurfi: ƙananan abubuwa irin nuturon suna da halin igiyar ruwa, gwargwadon sanyin tafiyarsu gwargwadon bazuwarsu, har su taɓa abin da ba kan hanyarsu ya ke sosai ba.

To, da za a ce dukan ƙarafa masu nauyi haka su ke, da darasi ya ƙare. Amma ku dubi jerin, duka da nuturon mai sanyin tafiya. Yuraniyom 233 wajen rumbu 530. Yuraniyom 235, 585. Fulutoniyom 239, wajen 750. Fulutoniyom 241 ya ɗan haura 1,000. Sai ga yuraniyom 238, wanda ke tsakiyarsu wajen nauyi, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na rumbu guda ba. Toriyom 232 namu shi ma haka. Fulutoniyom 240, da ke zaune tsakanin 239 da 241, bai kai kashi ɗaya cikin goma na rumbu ba. Jerin yana hawa yana faɗuwa kamar haƙoran zarto. Ashe nauyi kaɗai bai yanke hukunci ba.

Niels Bohr, mutumin Denmak, shi ya warware wannan a Firinston ta Amurka cikin Fabrairu 1939, kuma toriyom ne ya ba shi haske. An ga toriyom yana tsagewa da nuturon mai gudu kaɗai, yuraniyom kuwa da mai gudu da mai sanyi duka. Sai Bohr ya ce lalle yuraniyom 238 halinsa ɗaya da toriyom, tsagewar da a ke gani da mai sanyi kuwa aikin yuraniyom 235 ne, wanda bai wuce 7 cikin 1,000 na yuraniyom da a ke haƙowa ba. Mutane da yawa ba su yarda ba, sai a Maris 1940 da Alfred Nier ya ware ɗan mitsitsin 235 aka gwada shi a Jami'ar Kolambiya, aka tarar haka ne.

Ga yadda abin ya ke. Ku ɗauki ƙwallon zarra kamar ɗigon ruwa a kan ganyen gwaza. Yana so ya zauna a dunƙule, amma furoton da ke cikinsa suna ture juna. In aka girgiza shi sosai sai ya miƙe, ya yi wuya a tsakiya kamar gora, ya rabu biyu. In girgizar ba ta isa ba sai ya koma ya dunƙule. Akwai tudu ke nan da za a haye, kamar yadda babbar mota ke fama da Hawan Kibo: in ta kai ƙoli gangara ta ɗauke ta, in ƙarfinta ya gaza saura taku goma, daidai ta ke da wadda ba ta taso ba. Da wani ma'auni a ke auna ƙarfin nan, a kan rubuta shi MeV. Ga toriyom da yuraniyom da fulutoniyom tsawon tudun wajen MeV 6 ne, wani ya ɗan ɗara, wani ya ɗan kasa.

Ina nuturon mai tafiyar hawainiya zai sami MeV 6? Ba daga gudunsa ba, gama ƙarfin gudunsa bai kai a ambata ba. Daga shigarsa ne. Sa'ad da ƙwallo ya fizgo nuturon ya riƙe, sai ƙarfin riƙon ya zama girgiza. Nuturon kuwa a cikin ƙwallo bibbiyu su ke son zama. Yanzu ku komo kan lambobinmu, ku yi musu wasan cika ko mara. Yuraniyom 235 yana da 143, mara ke nan: aure 71 da gwauro guda. In baƙon nuturon ya shigo sai gwauro ya sami abokin zama, ƙarfin da ke fitowa kuwa ya kai MeV 6.5. Ya haye tudu, sai tsagewa. Yuraniyom 238 yana da 146, cika, kowa da nasa. Baƙon da ya shigo shi zai zama gwauro, abin da ya kawo MeV 4.8 ne kurum, ya kasa. Toriyom 232 yana da 142, cika, shi ma 4.8. Ku gwada sauran da kanku: yuraniyom 233 yana da nuturon 141, fulutoniyom mai furoton 94 kuwa, 239 yana da 145, 240 yana da 146, 241 yana da 147. Haƙoran zarton nan duka sun fito. A ganina babu wani wuri a kimiyya inda ɗan bambanci, abin da bai kai MeV 2 ba, ya juya al'amuran duniya kamar nan.

Wannan bai nuna toriyom da yuraniyom 238 ba su tsagewa sam ba. Abin da ya rage na hawan, nuturon yana iya cika shi da gudunsa. In ƙarfin gudunsa ya haura MeV 1 sai fuskarsu ta fara buɗewa. Amma a fagen masu gudu labarin ya sake. Manyan lambobin nan na ɗaruruwa sun ɓace, kowa ya koma kusa da ainihin faɗin jikinsa, cika da mara kuma ba su da wani tasiri sosai. Da nuturon mai MeV 2 ko 3, toriyom 232 ya ɗan wuce kashi ɗaya cikin goma na rumbu. Yuraniyom 238 wajen rabin rumbu. Yuraniyom 235 wajen 1.2, neftuniyom 237 mai furoton 93 wajen 1.7, yuraniyom 233 da fulutoniyom 239 kusan 2. Wannan jeri ba zarto ba ne, hawa ne sumul, yana kuwa da nasa lissafi wanda Bohr da Wheeler suka buga ran 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta faɗa wa Folan. A ninka yawan furoton da kansa, a raba da nauyin zarrar. Toriyom: 90 sau 90 a raba da 232, ya ba da 34.9. Yuraniyom 238 ya ba da 35.6, yuraniyom 235 ya ba da 36.0, yuraniyom 233 ya ba da 36.3, fulutoniyom 239 kuwa 37.0. Gwargwadon girman amsar, gwargwadon rinjayen turereniyar furoton a kan riƙon ƙwallo. Ku lura da abu guda: a gidan yuraniyom, wanda ya fi nauyi shi ya fi taurin kai, domin ƙarin nuturon yana shiga tsakanin furoton yana raba faɗa.

Lissafin nan yana aiki har wajen jerin. Dalma ta ba da wajen 32, ba ta tsagewa sai da nuturon mai MeV gommai. Kuza ta ba da wajen 21, ba ta ma cikin zancen. Can sama kuwa, kalifoniyom 252 mai furoton 98 ya haura 38, yana tsagewa da kansa ba wanda ya taɓa shi. Toriyom namu a bakin ƙofa ya ke, shi ne na farko a jerin masu tsagewa kuma shi ne mafi nawa.

Akwai waɗansu ƙulle-ƙulle da ba zan daɗe a kansu ba. Tsakanin masu sanyi da masu gudu akwai wani fage inda fuskar ke tsalle sama da ƙasa, a wani ƙarfi ta buɗe ƙwarai, a gota kaɗan ta rufe, kamar yadda kalangu ke amsa wani sauti ya ƙi wani. A nan ne yuraniyom 238 ke haɗiye nuturon da yawa ba tare da ya tsage ba. Can wajen MeV 6 kuma fuskar ta kan ƙara hawa mataki guda, don ƙwallon yana iya tofar da nuturon ɗaya ya kuma sami sauran ƙarfin tsagewa. Har yanzu ana sake auna waɗannan, misali a CERN kusa da Janiba, inda aka buɗe wurin awo na musamman a 2001.

Yanzu mun iya amsa wa yaron farko. Ko da za a tace toriyom zalla a tara shi kamar dutsen Shere, ba zai kama ba. In zarra guda ta tsage, nuturon da ta saki za su yi ta karo da maƙwabta, gudunsu ya faɗi ƙasa da MeV 1 tun ba su tsaga kowa ba, sa'an nan a haɗiye su. Wutar ta mutu nan take. Haka yuraniyom 238. Shi ya sa yuraniyom na Arlit ba a zuba shi a tukunyar nukiliya mai ruwa yadda aka haƙo shi, sai an tace an ƙara yawan 235 daga 7 cikin 1,000 zuwa kashi 3 ko 5 cikin ɗari, a kuma kewaye shi da ruwa don ya rage wa nuturon gudu. Fermi a Cikago, ran 2 ga Disamba 1942, bai tace nasa ba, sai ya jera shi cikin tubalan baƙin gawayi irin na bakin fensir, wanda ba ya shan nuturon kamar ruwa. Muna da misali kusa da gida. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an kunna wata ƙaramar tukunya ƙirar Sin a 2004, mai ƙarfin kilowat wajen 30, don binciken abin da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci. Da farko yuraniyom ɗinta kashi 90 cikin ɗari 235 ne, irin wanda a ke tsoron ya faɗa hannun masu neman bom. A 2018 aka kwashe shi aka mayar Sin, aka sa mai kashi 13, ta kuwa ci gaba da aikinta.

Yaro na biyu kuwa, mai neman lantarki, amsarsa tana da ɗan daɗi. Nuturon da toriyom ya haɗiye bai tafi a banza ba, fuskar haɗiyarsa ma wajen rumbu 7 ce, ta fi ta yuraniyom 238 wadda ba ta kai 3 ba. Toriyom 232 ya zama 233. Cikin minti 22 rabinsa ya rikiɗa ya zama furotaktiniyom 233, shi kuma cikin kwana 27 rabinsa ya zama yuraniyom 233, mai nuturon 141, mara, mai rumbu 530. Watau toriyom ɗanyen itace ne, sai an jingina shi jikin wutar wani ya bushe tukuna ya ci. Ta irin wannan hanya yuraniyom 238 ke zama fulutoniyom 239. An gwada abin: tukunyar Shippingport ta Amurka ta yi aiki da toriyom daga 1977 zuwa 1982, Indiya mai yashin monazait a gaɓar Kerala ta kunna wata ƙarama mai yuraniyom 233 a Kalpakkam a 1996, Sin kuma ta kunna tata ta gwaji a lardin Gansu a 2023. Amma raba yuraniyom 233 daga toriyom da ya sha wuta aiki ne mai tsada da hatsari, yuraniyom na haƙa kuwa bai yi ƙaranci ba. Saboda haka in wani ya ce muku arzikin lantarki na kwance a jujin Bukuru sai ɗiba, ku tambaye shi wa zai ba da wutar farko.

Kada fa yara su tashi da zaton yashin ba shi da illa. Tsagewa dabam, ruɓewa dabam. Toriyom yana ruɓewa da kansa sannu sannu, rabinsa cikin shekara miliyan dubu 14, shi da 'ya'yan da ya ke haifa suna fid da wani tururi da ido ba ya gani, ba kuwa ruwansa da nuturon ko rumbu. Masu bincike da suka auna jujin wuraren tace kuza a Jos da Bukuru sun sami tururin ya fi na sauran ƙasa nesa. Yashin yana da kyau a ido, yana da laushi, shi ya sa a kan ɗebe shi a yi yaɓe ko daɓen ɗaki da shi, yara kuma su yi wasa a kansa. Wannan ya kamata mu hana, tare da shaƙar ƙurarsa wajen shiƙa. In kuna so ku nuna wa aji monazait, ɗan kaɗan a ƙaramar kwalba mai murfi ya isa, a kuma ajiye ta a kabad.

Masu koyar da manyan azuzuwa suna iya ba su wannan su gwada a allo. Amerisiyom yana da furoton 95. Akwai amerisiyom 241, akwai kuma wani irin 242. Da nuturon mai sanyin tafiya, ɗaya fuskar tsagewarsa wajen rumbu 3 ce, ɗayan ta haura 6,000. Kada ku gaya musu wanne ne wanne, ku bar su su ɗebe 95 su ga abin da ya rage.